Ƙafar Yayana da Allurar da Ba a Sauya Ba

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Damina ta wuce, rani ya wuce, ina ta cewa sai gobe. Karatuna na firamare ne, a aji shida na tsaya, kuma maganar magani ba ta irina ba ce. Ina tsoron in faɗi abu ba daidai ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi, alhakinsa ya hau kaina. Ina kuma tsoron a ce na ɗora wa ma'aikatan asibiti laifi, alhali mutanen nan sun wanke wa yayana ciwon da ni ɗan'uwansa sai na kau da kai idan an kwance shi. Don haka ba zan ambaci sunan kowa ba, ba kuma zan ambaci sunan asibiti ba.

Mu manoma ne a arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, kana tsaye a taka kana jin tarin mai makwabciyarta. Yayana ya girme ni da shekara tara, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Gidanmu ɗaya, kowa da sashensa. Shi ke da shanun huɗa guda biyu, da su yake yi mana aiki, ya kuma yi wa mutane. Halinmu ya sha bamban. Shi ko rumbu ya kama da wuta sai ya ƙarasa alwalarsa. Ni kuwa idan na ɗaure akuya sai na koma na duba igiyar sau uku. Tun muna yara yake kirana Malam Ƙila, wai ba na iya gama zance ban ce ƙila ba.

Shekara uku ke nan, a farkon damina, yana huɗa a gonar bakin hanya sai wani mai babur ya wuce da ƙara. Sa ɗaya ya firgita ya ja gefe, garmar ta ƙwace, bakinta ya tsaga masa ƙwaurin hagu. Ya yage bakin rigarsa ya ɗaure, ya ƙarasa kuyyar da yake kai, har ya ƙara uku. Da na gani na ce mu tafi asibiti.

"Kai dai Malam Ƙila," ya ce, "ƙwarzane ne. Idan na bi taka, ko sauro ya cije ni sai an ba ni gado."

A rana ta huɗu ƙafar ta yi suntum, zazzaɓi ya kayar da shi. A lokacin bai yi gardama ba. Muka kai shi asibitin da ya fi kusa da mu, aka wanke ciwon, aka maƙala masa 'yar roba a jijiyar hannu. Kullum da safe nas za ta zo da wata 'yar kwalba mai shuɗin murfi, da farin gari a ciki, ta zuba masa ruwa ta girgiza, ta zuƙe ta tura ta robar. Ban taɓa ganin magani mai aiki irin wannan ba. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, a na uku yana neman fura, a na biyar aka sallame mu.

A kwanakin nan na lura da wani abu. Ɗakin na maza ne, gado takwas. Akwai tsoho mai tari, akwai wanda aka yi wa aikin ƙaba, akwai wani da ya faɗi a babur. Idan nas ta turo tirenta, kwalbar nan mai shuɗin murfi ce take bin kowane gado. Yayana ma ya gani, ya ce da mai tarin, "Baba, ashe tuwon biki muke ci, kowa malmala ɗaya miya ɗaya." Aka yi dariya. Ni a raina na ce ai wannan shi ne sarkin magunguna, tun da yana wa huhu yana wa ƙafa. Na roƙi nas ta bar mini kwalaben da aka gama da su. Ta dube ni da mamaki, amma ta ba ni. Na naɗe su a tsumma na sa a jakar leda. Tunanina shi ne, idan ciwon ya dawo, kada a rasa sunan abin da ya warkar da shi.

Ya kuwa dawo. Bayan an kai amfanin gona gida, wata 'yar ƙofa ta buɗe a tsakiyar tabon, ba ta fi ƙwayar wake ba, tana tsatsar ruwa. Na ɗauki kwalba ɗaya na tafi kemis ranar kasuwa. Mai kemis ya ɗauko mini irinta, na jera su a kan teburinsa ina duba rubutun harafi bayan harafi, da yatsa, kamar mai tilawa. Ya ce, "Malam, akwai wani na sha, ko shi za a gwada? Ba kullum ake komawa abu guda ba." Na ƙi. A ganina sauya magani cin amana ne, kuma yana rikita jiki. Na ce wanda jikinsa ya sani shi za a ba shi. Aka yi masa allura kwana uku, ruwan ya tsaya, yayana ya ce ya isa haka, lokacin kai taki gona ya yi, jakuna ba za su kai kansu ba. Kafin ruwan sama ya sauka mun yi haka har sau uku. Kowane karo ina karɓar kwalaben ina ƙarawa a jaka, ina jin cewa na tsare amanar ɗan'uwana.

A damina ta biyu abin ya fi ƙarfin kemis. Ƙafar ta sake kumbura, wannan karon da wari. Muka yi shawarar kai shi wani asibitin da ya fi na farko girma. Ranar da za mu tafi sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ce babba da ta rage mana. Ta kira ni zaure ta rage murya.

"Kai nake tsoro, don bakinka ba ya riƙe ruwa. Idan kun je aka tambaye ku ko an kai shi wani wuri, ku ce a'a."

"Gwaggo, ai ƙarya ke nan."

"Ungo nan, ƙarya! Likita ba ya cin ragowar wani. Da ka ce an taɓa shi a wani wuri, sai ya ce ku koma inda kuka fara. Ni aka yi wa, ba labari aka ba ni ba. Da 'yata a goye na tsaya a bakin ƙofa, aka ce tun da na san hanyar mai allura in koma gare shi. Ka ga yarinyar nan a cikinku yanzu?"

Kowa a danginmu ya san ta rasa 'yarta ta fari tun tana goye. Kuma ba ita kaɗai ke faɗin haka ba. A ƙauyenmu abu ne sananne, duk wanda zai sauya asibiti sai an ja masa kunne, ya shiga kamar yau ciwon ya fara.

Da muka isa, mai rubuta kati ya tambaya, "An ba shi wani magani a gida?"

Yayana ya ce, "Sai ɗan saiwa da ake shafawa."

Ni ina tsaye a bayansa da jakar kwalabe a cikin kayan shimfiɗa. Ban gyara masa magana ba. Na ce wa kaina ai ba ni na faɗa ba. Da yamma ta yi nas ya zo da tire, na leƙa, sai ga shuɗin murfi. Wallahi daɗi na ji. Na ce Allah ya rufa mana asiri, ga shi ba mu faɗa ba kuma an dace da maganinsa.

Kwana goma muka yi, zazzaɓi yana sauka da safe ya dawo da la'asar. Nas ɗin nan mutumin kirki ne, shi ke wankin ciwo, yana yi yana jan yayana da hira a kan shanu don ya manta zafi. Wata rana na ji yana cewa da abokin aikinsa, "Abin mamaki, sabon ciwo ya ƙi jin allurar nan." Na fita bayan ɗaki na zauna a gindin darbejiya, na yi ta istigfari, amma ban koma na faɗa masa ba. Ina tsoron a kore mu, ina tsoron idon yayana, ina tsoron Gwaggo. A rana ta goma aka ba mu takarda zuwa babban asibiti a birni.

Motar haya muka ɗauka. Ƙafar tana kan cinyata tun daga gida har muka wuce Bacirawa muka shiga cunkoson gari, ina jin zafinta ta cikin riga kamar an ɗora mini dutsen guga. Likitar da ta gan mu mace ce, ba ta kai 'yar yayana ta fari shekaru ba. Ta karanta takardar, ta sa aka ɗauki hoton ƙafar. Da hoton ya fito ta ɗaga shi a haske ta nuna mana wani wuri kamar gara ta ci itace.

"Baba," ta ce da yayana, "ba zan ɓoye maka ba. Ciwon ya shiga ƙashi. Idan muka samu maganin da ya kama shi, za mu kankare wurin mu bar maka ƙafarka. Idan ba mu samu ba, sai an yanke daga ƙasan gwiwa don mu tsira da ranka."

Yayana ya ce, "To wa zai bi garma?"

Ta ce takardar da muka zo da ita ta nuna kwana goma kawai aka yi masa allura, ƙila ba su isa ba tun da ƙashi ne, don haka za a ci gaba da ita tukuna. Ta fara rubutu. Ina tsaye a gefenta na ga haruffan suna fitowa daga bakin biro, waɗanda na haddace a teburin mai kemis. A nan ne abin ya kuɓuce mini. Na durƙusa na kwance kayan shimfiɗa, na ɗauko jakar, na juye ta a kan teburinta. Kwalabe suka yi ta gangarawa, wasu suka faɗi ƙasa.

"Likita, ki gafarce mu. Ba kwana goma ba ne. Shekara guda da wani abu ke nan. Duk waɗannan a jikinsa suke."

Ta ajiye biro. Ta ɗauki ɗaya ta duba, ta ɗauki wata. Ta shiga jera su layi layi, ina gaya mata waɗannan na asibitin farko ne, waɗannan na kemis ne karo na ɗaya, na biyu, na uku. Ina jira ta ce mu tashi mu ba ta wuri. Sai ta ce, "Wa ya ce ku ɓoye?"

Ni dai ba zan kira sunan Gwaggo ba. Yayana ya ce, "Likita, ki yi haƙuri da shi. Ƙanena ne, ko ƙaya ya taka sai ya adana ta don shaida."

"Ai da kowa zai zo mini da irin ƙanenka, Baba, da na huta." Ta yage takardar da ta fara rubutawa.

Aka ɗebi mugunya daga can cikin ciwon aka kai ɗakin gwaji. Ta ce za su raini ƙwayoyin cutar a faranti, su sa musu magunguna iri iri, su ga wanne ke kashe su. Kwana uku aka yi. Da takardar ta fito ta kira ni ta nuna mini, don ta ga ina son in gani da idona. Sunayen magunguna ne a jere, kowanne da harafi ɗaya a gabansa. Ta ce harafin nan da ya cika takardar yana nufin cutar ba ta jin maganin. Allurarmu tana cikinsu, har da wasu da ba a taɓa ba shi ba. Biyu kaɗai suka fita daban.

Na ce, "Yaya aka yi ba ta jin wanda ba ta taɓa gani ba?"

Ta ce magunguna dangi dangi ne, cutar da ta koyi kauce wa ɗaya takan kauce wa 'yan'uwansa. Duk lokacin da aka ba da magani, masu rauni suna mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa, musamman idan ba a kai ƙarshen kwanakin ba. Yayana daga kan gado ya ce, "Ai ƙwarin wake ke nan. Da in ka yi feshi sai ka ga ƙasa ta yi baƙi. Yanzu maganin nan wanka suke da shi."

"Kusan haka ne, Baba," ta ce.

Na ba ta labarin ɗakin nan mai gado takwas da kwalba ɗaya. Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ba mugunta ba ce, sau da yawa ita ke nan a ɗakin magani, kuma ba kowane asibiti ke da wurin gwaji ba, ga mara lafiya a kwance ba za a zuba masa ido ba. Amma idan asibiti ya jingina da magani guda ga kowa, cututtukan da ke yawo a ɗakunansa sukan saba da shi, har wanda ya shigo da sabon ciwo ya iya kwasar mai taurin kai daga gado ko daga hannu.

Na ce, "To ashe gara a riƙa gauraya su, yau wannan gobe wancan?"

Ta ɗaga hannu da sauri. "A'a, Malam, kada ka je gida ka fara wannan. Tsalle daga magani zuwa magani ba da gwaji ba, koya wa cutar karatu ne gaba ɗaya." Ta ce ko masana ba su gama daidaita baki ba a kan yawan amfanin da asibiti ke samu idan yana sassauya magungunansa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne a san cutar kafin a zaɓi magani, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha.

Sai na yi tambayar da ke cina. "Likita, ni na jawo masa?"

Ta ce ba za ta iya sanin ko a jikinsa cutar ta yi taurin kai ba, ko a wani gadon ya ɗauko ta haka. Ta ce ta yiwu duka biyun ne. Na so ta ce ba ni ba ne. Ba ta ce ba, kuma ina ganin girmanta a kan haka.

Aka yi masa aiki aka kankare ƙashin, aka sa masa ɗaya daga cikin biyun nan ta ƙarin ruwa, makonni ana yi. Ƙafar ta tsira. Ranar sallama likitar ta ba ni takardar gwajin ta ce in adana, ta kuma ce irin wannan ciwo yakan yi barci ya farka. Idan ya farka kada wanda ya soka masa allura sai an sake gwaji.

Gwaggo ta zo sannu da zuwa da ƙwaryar fura. Ni na gaya mata da bakina cewa na karya maganarta. Ta ce, "Kuma likitar ba ta kore ku ba?" Na ce ko tsawa ba ta yi ba. Sai Gwaggo ta ce, "To, zamani ya sauya, ko kuwa ni ce ban dace ba." Ta share ido da bakin mayafi. Ban taɓa riƙe ta a raina ba. Abin da ta sani ta ba mu.

Yayana ya koma bayan shanunsa yana ɗingishi, ya yi damina guda lafiya. Makon jiya muna zaune a inuwa muna gyaran igiya, na ga tabo a ƙafar wandonsa, daidai wurin. Ya ce gumi ne. Na ce gumi ba ya zaɓen ƙafa ɗaya. Da ƙyar ya naɗe wandon. Ƙofar ta dawo, ƙarama, ba zazzaɓi tukuna. Na shiga mota na je birni neman likitar nan, aka ce an mayar da ita wani gari, wanda na tambaya bai san ko ina ba. An ce in kawo shi ya bi layi, amma yayana ya kafe. Ya ce ba zai bar huɗar mutane a tsakiya ba, sai an gama. Ya ce kuma ya gaji da yawon asibiti. "Wuri ɗaya zan je, sau ɗaya. Ka zaɓa da kyau, Malam Ƙila, wannan karon ban da ƙila." Kullum da safe ina wanke masa da ruwan gishiri ina ɗaurewa, ina taɓa goshinsa yana ture mini hannu. Mai kemis ya ce in zo a fara masa wani abu kafin nan, na ce a'a, kuma ban sani ba ko jiran ma kuskure ne.

Wannan ne ya sa na rubuta. Ina roƙon duk wanda ya karanta, ma'aikacin asibiti ne ko wanda ya yi jinyar irin wannan ciwo, ya taimake ni da abin da ya sani ta hannun waɗanda suka buga rubutun nan. A arewacin Kano, ina ake yin gwajin mugunya kafin a fara allura, ba sai an shiga tsakiyar birni ba? Takardar gwajin da ke hannuna, har yanzu ana iya aiki da ita, ko cutar ta riga ta sauya, maganin da ya rage ma ya bi sauran? Idan gaskiya ne asibitin da ba ya jingina da magani ɗaya ya fi ƙarancin cuta mai taurin kai, ta yaya manomi irina zai gane shi tun daga bakin ƙofa, wace tambaya zai yi da ba za a ɗauke ta rashin kunya ba? Kuma kwana nawa irin wannan ciwo zai iya jira? Huɗar da ta rage masa ba ta wuce ta mako biyu ba, ina so kafin nan in san inda zan kai shi.